Fashin Baƙi: Tsakanin Akwatin Zaɓe, Zauren Kotu da Bakin Bindiga

A teburin mai shayin da nake zama da daddare, can wajen titin Bauchi a Jos, akwai wata gardama da ba ta tsufa. Duk ranar da rediyo ta kawo labarin hari, ko a Bokkos, ko a Zamfara, ko a bakin Tafkin Chadi, sai wani dattijo, tsohon direban tirela, ya dire kofinsa ya ce, "Ni dai na sha faɗa muku, dimokuraɗiyyar nan ce ta jawo mana. Lokacin soja wa ya isa? A kamo su, a ɗaure a jikin duro, a harbe, magana ta ƙare." Sai samari su amsa, "Wallahi Baba, gaskiyarka." Mai shayi dai ba ya cewa uffan, sheƙa shayinsa kawai yake yi daga wannan kofi zuwa wancan.

Ban taɓa raina maganar dattijon nan ba. Yana cikin waɗanda suka kwashi gawa a kasuwar Taminus ranar 20 ga Mayun 2014, lokacin da bama-bamai biyu suka tashi ɗaya bayan ɗaya, na biyun ya rutsa da waɗanda suka rugo ceto, aka rasa aƙalla mutum 118. Wanda ya ga wannan da idonsa, ba ka zo masa da dogon turanci a kan haƙƙin ɗan'adam. Sai dai a cikin maganarsa akwai abubuwa biyu da ya cure wuri ɗaya, kuma muddin ba a raba su ba, gardamar ba za ta taɓa kai mu ko'ina ba.

Dimokuraɗiyya daban, bin doka daban. Ta farko tana magana ne a kan wa zai hau kujera, da yadda za a sauke shi. Na biyun yana magana ne a kan abin da na kan kujerar bai isa ya yi ba, ko da kuwa shi ke riƙe da bindiga. Ƙasa tana iya yin zaɓe duk bayan shekara huɗu ba fashi, kamar yadda muke yi tun 1999, amma ɗan sanda ya kama ka ya ajiye wata shida babu wanda ya tambaye shi. Kundin tsarin mulkinmu a sashe na 35 ya ce wanda aka kama a kai shi gaban alƙali cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu. Ka faɗi wannan a Unguwar Rogo ko Gangare ka ga yadda za a kalle ka. To, abin da nake son nunawa shi ne, a sha'anin ta'addanci, wannan sashen da ake yi wa dariya ya fi akwatin zaɓe nauyi.

Amma bari mu fara da batun "lokacin soja wa ya isa". Rikicin Maitatsine na Kano a Disambar 1980 a mulkin Shagari aka yi shi, gaskiya ne. Amma na Jimeta a 1984 da na Gombe a 1985 fa? Soja ke mulki. Kafanchan a 1987, Zangon Kataf a 1992, duk a hannun soja. Mu nan Jos ma rikicinmu na Afrilun 1994 a kan naɗin shugaban riƙo na ƙaramar hukumar Jos ta Arewa, zamanin Abacha ne. Abin da ya ragu a wancan lokaci ba jini ba ne, labari ne, don babu waya a hannun kowa, gidan rediyo kuma na gwamnati ne.

Wanda kuma yake ganin wancan tsohon zance ne, ga maƙwabta nan. Sojojin Mali sun yi juyin mulki a 2020 da 2021, na Burkina Faso sau biyu a cikin 2022, na Nijar suka kifar da Bazoum a Yulin 2023. Kusan dukkansu da hujja ɗaya suka zo: farar hula sun kasa da tsaro. A Burkina ma abin har da ban dariya, Damiba ya ture Kabore don ya kasa da 'yan ta'adda, bayan wata takwas Traore ya ture Damiba da wannan hujjar dai. Ina aka kwana? A Agustan 2024 aka kashe ɗaruruwan mutane a garin Barsalogho na Burkina suna tsakiyar haƙa ramukan kariya. A Satumbar shekarar mayaƙan JNIM, ƙungiyar da ke da alaƙa da Alƙa'ida, suka shiga Bamako kanta, suka kai hari makarantar jandarmomi da filin jirgin sama. Ƙididdigar shekara-shekara da wata cibiyar nazarin zaman lafiya ta Ostareliya ke fitarwa ta nuna cewa a 2024 fiye da rabin duk waɗanda ta'addanci ya kashe a duniya a yankin Sahel suke, a Nijar kuma adadin ya kusa ninkawa cikin shekara guda. An gudu ba a tsira ba.

Duk da haka, kada in yi wa dattijo rashin adalci. Akwai ƙamshin gaskiya a zarginsa. Masu nazarin siyasa sun daɗe da lura cewa ba a ƙasashen kama-karya tsantsa aka fi samun hare-hare ba, ba kuma a ƙasashen da dimokuraɗiyya ta zauna da gindinta ba. An fi samu a na tsakiya, waɗanda suka saki mulkin danniya amma ba su kama mulkin doka ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. An buɗe ƙofa, kowa na iya wa'azi, ya tara jama'a, ya tara kuɗi, ya yi yawo, amma kotun da za ta raba mai wa'azi da mai tara makami ba ta aiki. Iraƙi ta yi zaɓe a 2005 bayan mamayar Amurka, jini bai tsaya ba, ƙaruwa ya yi. Tunisiya ta kori Ben Ali a 2011, ta yi zaɓe mai tsafta, sai ga ta cikin ƙasashen da matasansu suka fi kwarara zuwa ƙungiyar IS. Ita kuma Aljeriya ta nuna ɗaya fuskar: an yi zaɓe a Disambar 1991, jam'iyyar FIS ta masu kishin Islama ta yi gaba a zagayen farko, soja suka soke a Janairun 1992, aka shiga yaƙin da ya ci sama da mutum dubu ɗari. Wato buɗe ƙofar babu doka haɗari ne, rufe ta da ƙarfi bayan an buɗe ya fi haɗari.

Mu a Jos ba sai an ba mu labarin yadda zaɓe ke zama ashana ba. Ranar 28 ga Nuwamban 2008 a kan sakamakon zaɓen ƙaramar hukuma aka wayi gari da hayaƙi, cikin kwana biyu aka rasa ɗaruruwan rayuka. Kujerar ciyaman ce, amma kowa ya san abin da ke ƙarƙashinta: wa zai riƙa sa hannu a takardar shaidar zama ɗan asali, wadda da ita ake samun gurbin karatu, da aikin gwamnati, da shiga soja. Idan kujera ɗaya ce ke raba ɗan gida da baƙo, kuma babu wanda ya yarda kotun zaɓe za ta yi masa adalci, to faɗuwa zaɓe ta zama mutuwa. A Borno kuwa, kwamitin da gwamnatin tarayya ta kafa a 2011 ƙarƙashin Ambasada Usman Gaji Galtimari ya nuna yatsa ga 'yan siyasar da suka tara 'yan banga, suka ba su makami don zaɓe, suka watsar da su bayan an rantsar. Wannan laifin siyasa ne, babu musu. Amma a duba da kyau, laifin ya samu wurin zama ne saboda babu ɗan siyasa ɗaya da ya ji tsoron za a ɗaure shi a kai.

A nan ne ya kamata a tsaya a kan abin da ya faru a Maiduguri a 2009, domin a cikin 'yan watannin nan doka ta faɗi sau biyu, kuma faɗuwar iri biyu ce.

Ta farko sakaci ne. Shekaru Muhammad Yusuf, jagoran Boko Haram na farko, ya yi yana wa'azinsa a fili, kaset-kaset ɗinsa na yawo a kasuwa, malamai suna yi masa raddi, suna kai ƙorafi. An sha kama shi ana saki ba tare da an kai shari'a ƙarshe ba. Ɗaya daga cikin mutanensa, Buji Foi, har kwamishinan harkokin addini ya riƙe a jihar. Doka tana nan a rubuce, amma shafaffe da mai ba ta hawa kansa. Ta biyu kuma wuce gona da iri ne. A watan Yuni jami'an sintiri suka harbi mabiyansa a hanyar jana'iza, a kan takaddamar hular kwano. A ƙarshen Yuli faɗa ya ɓarke daga Bauchi ya bazu, aka kashe ɗaruruwa. Ranar 30 ga Yuli soja suka kama Yusuf da ransa, suka miƙa wa 'yan sanda, bayan 'yan sa'o'i aka nuna gawarsa. Aka kashe Buji Foi, aka kashe surukinsa Baba Fugu, dattijon da ya kai kansa ofishin 'yan sanda da ƙafarsa. A farkon 2010 tashar Aljazeera ta nuna bidiyon jami'ai suna kwantar da mutane a ƙasa suna harbewa, har da masu dogara sanda.

A lissafin teburin shayi, magana ta ƙare kenan, tunda an harbe. To me aka samu? An rasa mutumin da ya san wa ke ba shi kuɗi, wa ya tsaya masa duk lokacin da aka kama shi. Da an gurfanar da shi a fili, da waɗannan sunaye sun fito, kuma watakila shi ya sa wasu ba su so a gurfanar ɗin ba. Sannan aka ba ragowar mabiyansa abin da ba su da shi a da: gawa, da bidiyo, da jagora irin Shekau. A Satumbar 2010 suka fasa gidan yarin Bauchi suka saki sama da mutum 700. A jajibirin Kirsimetin shekarar bama-bamai suka tashi nan Jos, a Gada Biyu da Unguwar Rukuba. A 2011 suka kai Abuja, hedikwatar 'yan sanda a watan Yuni, ginin Majalisar Ɗinkin Duniya a watan Agusta. Kotu a Borno ta ce a biya iyalan Baba Fugu diyyar naira miliyan 100, aka ja ƙafa kafin a biya. Jami'an da aka gurfanar a kan kisan Yusuf kuwa, shari'arsu ta ƙare ba a kama kowa da laifi ba.

Kada wani ya ɗauka ina wanke su ne. Wanda ya yanka yara a makarantar Buni Yadi, ya tada bam a babban masallacin Kano ana sallar Juma'a, ya yanka manoma a Zabarmari, babu zaluncin da aka yi masa da zai zama masa uzuri, kuma aƙidar da ta halatta masa jinin mutane ba ɗan sanda ne ya koya masa ba. Tambayar ita ce ina yake samun sababbin yara duk da yawan waɗanda ake kashewa. A 2017 hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da sakamakon hira da ɗaruruwan tsofaffin mayaƙa a Afirka, har da na Najeriya. Talauci na ciki, ƙarancin karatu na ciki, har na addinin ma. Amma da aka tambaye su abin da ya tunzura su a ƙarshe suka shiga, kashi 71 cikin ɗari suka ce wani aiki ne na hukuma, kamar kashe ko kama ɗan'uwa ko aboki. Talauci itacen ne, ya daɗe a jibge. Wanda ya kyasta ashanar sau da yawa yana sanye da kaki.

Akwai kuma wata asara da ba ta shiga ƙididdiga, ita na gani a layinmu. A shekarun da bam ya addabi garin nan, wata rana bayan wani hari, aka zo da asuba aka yi kamen kan mai uwa da wabi. Cikin waɗanda aka watsa a mota har da yaron maƙwabtanmu, mai gyaran waya, wanda iyakarsa shago da gidan kallon ƙwallo. Mahaifiyarsa ta riƙa zuba tuwo a kula tana bin ofis-ofis. Ko'ina amsa ɗaya ce, babu mai wannan suna a nan. Na raka ta sau biyu. A ɗaya daga ciki, a jikin bango an liƙa takarda cewa beli kyauta ne, a ƙarƙashin takardar kuma wani ya karɓi kuɗinta don kawai ya duba rajista. Da muka fito ta riƙe gefen rigata ta ce, "Ɗan nan, ko gawarsa ce su ba ni in san na binne." Na ce, "Inna, ki yi haƙuri, za a gan shi," alhali ni ma ban san inda zan nufa ba. Bayan wata bakwai ya dawo, ba kotu, ba takarda, ba ko sannu. Yana ɗingishi, kuma har yau bai faɗa wa kowa inda aka kai shi ba.

Yaron nan bai shiga wata ƙungiya ba, ya koma gyaran wayarsa. Amma ga abin da ya biyo baya. Ba a daɗe ba wasu baƙi suka kama ɗaki a bayan layin, suka biya kuɗin shekara a dunƙule, ba sa sallah da jama'a, ba sa buɗe ƙofa sai dare. Kowa ya lura, kowa ya yi gunaguni. Na samu mai unguwa na ce, "Ranka ya daɗe, ba za a sanar ba?" Ya dube ni ya ce, "Malam, wanda ya kai rahoto shi ake fara riƙewa. Kuma in sun zo, ba ɗaki ɗaya za su kwasa ba, layin za su kwashe." Babu wanda ya je. Baƙin suka tattara kayansu wani dare suka tafi. Yaƙi da ta'addanci yaƙin labari ne kafin ya zama na bindiga, domin mai haɗa bam a cikin mutane yake haya, a wurinsu yake sayen burodi. Jirgin yaƙi ba ya ganin wannan, maƙwabci ke gani. Ranar da aka ɗauki yaron nan, hukuma ta yi asarar idanun layi guda.

Abuja ma ta ga irin wannan. A Satumbar 2013 jami'an tsaro suka buɗe wuta a wani kango a unguwar Apo, suka kashe mutum takwas, aka ce 'yan Boko Haram ne. Yawancinsu 'yan keke napep ne da 'yan ci-rani da ke kwana a wurin. Hukumar kare haƙƙin ɗan'adam ta ƙasa ta bincika, ta ce babu hujjar cewa 'yan ƙungiyar ne, ta yanke diyyar naira miliyan 135 ga iyalan mamatan da waɗanda aka raunata. A riƙe wannan misali, zan dawo kansa.

Su kansu masu tada ƙayar bayan sun fi mu fahimtar darajar alƙali. ISWAP, ɓangaren da ya ɓalle daga Boko Haram, a tsibiran Tafkin Chadi ba harbi kaɗai take yi ba. Tana karɓar haraji daga masunta da makiyaya, tana kuma zaunar da masu rigima ta yanke musu hukunci a yini ɗaya. Haka JNIM ke yi a karkarar Mali, haka Taliban ta yi shekaru kafin ta koma Kabul a 2021. Hukuncinsu na rashin imani ne, amma ga talakan da ya saba da cewa mai kuɗi ke cin shari'a, saurin kaɗai abin sayarwa ne. A Zamfara ma duk wanda ya bi asalin ta'asar zai tarar da wannan zare: makiyayin da aka tatse tsakanin ofishin 'yan sanda da kotu da gidan hakimi har garkensa ya ƙare, manomin da aka cinye masa gona ya kai ƙara ba a yi komai ba, sai 'yan sa-kai suka fara yanka mutane a kasuwa, sai ɗaya ɓangaren ya sayi bindiga. Sai a Nuwamban 2021 wata babbar kotun tarayya a Abuja ta ayyana 'yan bindigar a matsayin 'yan ta'adda. Kotun da aka fi buƙata ita ce ta shekara goma kafin nan, ta rigimar saniya da gona.

Filato kuwa, in ana neman jihar da ta fi kowa tarin rahoton kwamiti, a zo nan. Kwamitin Fiberesima bayan 1994, na Niki Tobi bayan Satumbar 2001, na Bola Ajibola bayan 2008, ga na Abisoye da na Solomon Lar daga tarayya. An zauna, an rantsar da shaidu, an ambaci sunaye, an ɗaure rahoto da zare an ajiye. Har dokar ta-ɓaci Obasanjo ya sa a Mayun 2004 bayan kashe-kashen Yelwan Shendam, ya dakatar da Gwamna Dariye wata shida. Waɗanda aka hukunta a duk tsawon shekarun nan 'yan tsiraru ne, kuma ƙananan ne. Sakamakon shi ne kowane ɓangare yana riƙe da jerin gawarwakinsa da ba a biya ba. Musulmi ya ce kisan Kuru Karama, Kirista ya ce kisan Dogo Nahawa. Wannan ya ce matafiyan da aka tare a hanyar Rukuba a Agustan 2021, wancan ya ce ƙauyukan Bokkos da Barkin Ladi a jajibirin Kirsimetin 2023. Kuma dukkansu gaskiya suke faɗa. Inda hukuma ba ta karɓi bashin jini ba, mutane kan karɓa da kansu, kuma ba sa samun wanda ya ci bashin, sai wanda ya yi kama da shi. Da wannan ƙofar Boko Haram ta shigo Jos a 2010, tana iƙirarin ramuwa take yi wa Musulmi, ita ce kuma a Yulin 2015 ta kai hari masallacin 'Yan Taya ana tafsirin azumi.

Hujjar da jami'an tsaro ke kawowa na san ta, kuma ba ta banza ba ce: mu kama da wahala, kotu ta saki, gobe ya dawo ya harbe mu. Amma me ya sa kotu ke saki? A Oktoban 2017 aka fara shari'ar waɗanda ake tsare da su a barikin Kainji, a asirce. A zagayen farko an ɗaure 45, an sallami 468. Mutanen nan wasu sun shekara da shekaru a kulle, da aka buɗe fayil babu komai a ciki sai "ya amsa laifinsa". Babu shaida, babu binciken waya, wanda ya kamo shi an yi masa canjin wurin aiki tuntuni. Wannan ba laifin alƙali ba ne. Inda aka yi aikin, an ga sakamako: Kabiru Sokoto, duk da ya taɓa kuɓucewa daga hannun 'yan sanda, an sake kamo shi, kotun tarayya a Abuja ta yi masa ɗaurin rai-da-rai a Disambar 2013 a shari'ar da ta shafi harin cocin Madalla. Matsalar ita ce irinsa kaɗan ne. Kusan kashi biyu cikin uku na mazauna gidajen yarinmu jiran shari'a suke yi, mai laifi da marar laifi a ɗaki ɗaya, wanda ya shiga da satar waya ya fito da ijaza. Da ISWAP ta fasa gidan yarin Kuje a Yulin 2022, sama da mutum 800 suka fice a dare ɗaya, a babban birnin ƙasa.

Ba mu kaɗai muka taɓa gwada gajeriyar hanya ba. Birtaniya ta fara tsare mutane ba shari'a a Ireland ta Arewa a Agustan 1971. Shekarar da ta biyo baya ita ce mafi muni a duk rikicin, an rasa kusan mutum 500, kuma IRA, ƙungiyar da ke yaƙar mulkin Birtaniya a can, ba ta taɓa samun masu shiga kamar lokacin ba. Sai da aka koma teburin sulhu a 1998. Amurka ta buɗe kurkukun Gwantanamo a 2002, ta azabtar da wanda ake zargi da kitsa harin 11 ga Satumba, yau sama da shekara ashirin ta kasa kammala shari'arsa, saboda azabar ta gurɓata hujjar. Abubakar al-Bagadadi, wanda ya zama shugaban IS, shi ma ta sansanin tsare mutane na Amurka a Iraƙi ya bi. Indonesiya kuwa, bayan harin Bali na 2002 da ya kashe mutum 202, a bainar jama'a ta yi shari'ar, kowa ya ji da bakinsu abin da suka aikata, ta zartar wa uku hukuncin kisa a 2008. Wato bin doka ba sassauci ba ne. Wanda ya mutu a can ya mutu a matsayin mai laifin da aka tabbatar, namu na 2009 ya mutu a matsayin wanda aka zalunta.

To ina amfanin dimokuraɗiyyar kenan, in doka ce gaba? Amfaninta shi ne ita ce kaɗai ke barin ƙofar gyara a buɗe. A koma Apo. An kashe talakawa, an yi musu ƙazafi, amma akwai jaridar da ta buga, akwai majalisar da ta yi zama a kai, akwai hukumar gwamnati da ta ce gwamnati ta yi laifi, kuma a 2018 aka biya kuɗin. Jinkiri ne, babu kuma wanda aka ɗaure, amma a kwatanta da Moura ta Mali, inda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce sojoji da baƙin mayaƙa sun kashe aƙalla mutum 500 a Maris ɗin 2022: gwamnatin soja ta ƙaryata, ba a jima ba ta ce dakarun Majalisar su tattara su bar ƙasar. Da jirgi marar matuƙi ya hallaka masu Mauludi a Tudun Biri a Disambar 2023, cikin kwana biyu sojan ƙasa suka amsa cewa su ne. A Nuwamban 2024 da aka ga yaran zanga-zanga suna faɗuwa don yunwa a babbar kotun tarayya ta Abuja, ana tuhumarsu da cin amanar ƙasa, surutun jama'a ne ya sa aka sake su cikin kwanaki. A 2015 ma rashin tsaro na cikin abin da ya kada gwamnati mai ci, kuma bayan sauyin ne aka ji zargin karkatar da dala biliyan 2.1 na sayen makamai.

Sai dai zaɓaɓɓu ma suna da nasu. Kotun tarayya ta ce a saki Sheikh Zakzaky a Disambar 2016, bayan kisan Zariya da gwamnatin Kaduna da kanta ta ce an binne mutum 347 a rami ɗaya. Ba a sake shi ba sai 2021. Sambo Dasuki, tsohon mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, ya shekara huɗu a tsare, kotuna na ba da beli ana ƙi. A Agustan 2018, a gaban taron lauyoyi a Abuja, Shugaba Buhari ya ce tsaron ƙasa na gaba da bin doka. Ba sai kana ƙaunar ɗaya daga cikin mutanen nan biyu ba kafin ka ga abin da hakan ke koya wa yaro ɗan shekara sha takwas: takardar alƙali ba ta tsare kowa, bindiga ce ke tsarewa. Wannan kuwa shi ne darasin farko da ake karantarwa a daji.

Dokokin ba su ne babu ba. Akwai dokar yaƙi da ta'addanci ta 2011 da aka sabunta a 2022, akwai ta hana azabtarwa ta 2017, akwai dokar shari'ar laifuka ta 2015 da ta haramta kama wani a madadin wani, ta kuma ce majistare ya riƙa leƙa ofisoshin 'yan sanda duk wata ya ga su wa ke kulle. Da wani majistare ya leƙa a wancan lokaci, da Inna ba ta yi wata bakwai tana yawo da kula ba.

Na taɓa kwashe duk wannan na zayyana wa dattijon teburin shayi. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Ku 'yan boko akwai iya tsara zance. Kotun da kake ta faɗa, ni na san ta." Ashe tun bayan rikicin 2008 yake shari'a a kan filin gidansa da ya gudu ya bari, ya dawo ya tarar wani ya gine. An canza alƙali sau uku, lauyansa na farko ya rasu. Ya biya kuɗin shayinsa da nawa, ya naɗe rawaninsa saboda sanyin Jos, ya ce bari ya je ya kwanta da wuri, gobe suna da zama ƙarfe tara, in ba a sake ɗagewa ba.